Filin Arthur Ashe: Jujin New York da Ya Zama Fadar Wasan Tanis

Ƙarfe uku saura minti goma na dare, agogon New York, Carlos Alcaraz ya buga ƙwallon ƙarshe, ya zube rigingine a ƙasa yana haki. A Kano gari ya daɗe da wayewa, takwas saura minti goma, ma'aikata sun kama hanyar ofis. Ranar Alhamis ce, 8 ga Satumban 2022. Awa biyar da minti goma sha biyar suka kwashe suna fafatawa, shi ɗan Sifaniya mai shekara 19, abokin karawarsa Jannik Sinner ɗan Italiya mai shekara 21. A turmi na huɗu Sinner ya kai matsayin da ƙwallo ɗaya tak ta rage masa ya yi nasara, ta kuɓuce masa. A tarihin gasar US Open ba a taɓa tashi daga wasa a makare haka ba. Duk da haka da sauran 'yan kallo a filin, sun gangaro daga kujerun sama sun cika na ƙasa da masu kuɗi suka bari, suna ihu kamar yanzu aka fara.

Manyan gasannin tanis na duniya huɗu ne. Ana buɗe shekara da ta Melbourne a Ostireliya, sai ta Faris a kan jar ƙasa, sai Wimbledon ta Landan a kan ciyawa, sannan a rufe da ta New York daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Kowace da halinta. A Wimbledon dole ɗan wasa ya sa fararen kaya, kuma ƙarfe sha ɗaya na dare in ta yi a tashi, ko da wasa ya yi zafi, don kada a hana maƙwabta barci. New York ba ta san wannan ladabi ba. Wasannin dare ƙarfe bakwai ake fara su, daidai sha biyun dare a Nijeriya da Nijar, kuma babu mai cewa ga lokacin tashi. Ana sa kiɗa idan 'yan wasa sun zauna shan ruwa, 'yan kallo na ta hira da ciye-ciye, alƙalin wasa na roƙon a yi shiru ba mai saurarensa. Idan babban filin ya cika, gunjin da ke tashi a cikinsa sai ka ce Kantin Kwari ana jajiberin salla.

Sunan wannan fili Arthur Ashe, yana ɗaukar mutum 23,771, kuma babu filin tanis da ya kai shi girma a duniya. Wanda aka sa wa filin sunansa baƙar fata ne da ya tashi a garin da aka hana irinsa taka filayen Turawa. Ƙasar da aka gina filin a kai kuwa a da juji ce.

Toka da shara

Wurin yana gundumar Queens, cikin wani makeken lambun shaƙatawa na gwamnatin birni mai suna Flushing Meadows. Mai zuwa daga tsakiyar birni jirgin ƙasa mai lamba 7 yake hawa, wanda ke bi ta saman unguwannin baƙi 'yan ci-rani, Indiyawa da 'yan Bangaladash da 'yan Kolombiya da 'yan Meziko da Sinawa, har ya sauka a tashar Willets Point. Daga nan sai doguwar gadar katako da ke kai mutum bakin ƙofa.

A farkon ƙarni na ashirin fadama ce mai ruwan gishiri. Gidajen birnin a lokacin da gawayin kwal suke ɗumama ɗaki, sai wani kamfani ya mai da fadamar wurin zubar da toka da sharar Brooklyn, ana ta jibgewa shekara da shekaru har tulin ya zama tsauni. Marubucin nan Scott Fitzgerald ya siffanta wannan kufai a littafinsa The Great Gatsby na 1925. Robert Moses, jami'in da ya fi kowa sauya fasalin New York a zamaninsa, shi ya sa aka baje tokar aka shirya bajekolin duniya na 1939 a kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zamansa a wani gini da ke cikin lambun daga 1946 zuwa 1950. A 1964 aka sake yin wani bajekolin, wanda ya bar ƙaton ƙwallon duniya na ƙarfe da har yau ake hangowa daga harabar gasar, ya kuma bar wani filin taro da daga baya aka sa wa sunan mabushin ƙahon nan Louis Armstrong, wanda gidansa ke unguwar Corona a nan kusa.

Ita gasar ba nan ta fara ba, kuma ba don mutanen da ke hawa jirgi mai lamba 7 aka ƙirƙire ta ba. A 1881 aka fara ta a Newport, garin shan iskar attajirai a jihar Rhode Island, a kan ciyawa, maza zalla. Ta mata sai a 1887. A 1915 ta maza ta koma wani kulob a unguwar Forest Hills ta Queens, inda aka gina mata fili mai siffar kofaton doki a 1923. Kulob ne na 'yan gata, kuma ƙofarsa a rufe take ga wasu.

Sai a 1950 aka bar baƙar fata ta farko, Althea Gibson, ta shiga gasar, shi ma sai da wata tsohuwar zakara Baturiya, Alice Marble, ta rubuta wasiƙa a mujallar tanis ta kunyata hukumar tanis ta Amurka. A zagaye na biyu Gibson ta haɗu da Louise Brough mai riƙe da kofin Wimbledon, tana gab da doke ta sai hadari ya taso, tsawa ta faɗo da wani gunkin mikiya na dutse daga saman filin, aka ɗage wasa. Washegari ta sha kaye. Ta dawo ta cinye gasar a 1957 da 1958. Amma cin kofi bai buɗe ƙofar kulob ba. A 1959 Ralph Bunche, babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya da ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya, ya nemi a yi wa ɗansa rajista a wannan kulob, shugaban ya gaya masa ba sa ɗaukar baƙaƙe da Yahudawa. Magana ta fita jarida, shugaban ya sauka, kulob ya ba da haƙuri ya ce su zo. Bunche ya ce a kai kasuwa.

Laftanan da ya ci kofi ya tafi da kuɗin abinci

An haifi Arthur Ashe a 1943 a Richmond ta jihar Virginia, lokacin da doka ta raba baƙi da fari a makaranta da mota da filin wasa. Mahaifinsa mai kula da wani lambun wasanni ne da aka ware wa baƙaƙe, gidansu na cikin lambun, don haka yaron ya buɗe ido ya ga filin tanis a ƙofar gida. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu. Daga baya ya shiga hannun wani likita baƙar fata a Lynchburg, Dakta Robert Walter Johnson, wanda shi ne ya taimaka wa Althea Gibson tun farko. Tarbiyyar likitan mai tsauri ce, kuma tana da dalili. Yaransa za su je gasannin Turawa inda ake neman uzurin korarsu, saboda haka ya hana su gardama da fushi, ya kuma umarce su cewa duk ƙwallon abokin karawa da ta faɗi kusa da layi, ko da ta ɗan fita, su bar masa. Natsuwar da duniya ta san Ashe da ita daga nan ta samo asali. Wasu na kiran ta sanyin hali. Ni ina ganin ta fi kama da sulken da aka tilasta wa yaro sawa tun bai yi ƙwari ba, kuma nauyinsa bai sauka daga kafaɗarsa ba har ya mutu.

Har zuwa 1968 manyan gasanni na 'yan sha'awa ne, wato waɗanda a hukumance ba sa karɓar ko sisi. Duk wanda ya mai da tanis sana'a an haramta masa su. A wannan shekara aka rushe katangar, gasar New York ta zama a buɗe ga kowa, aka sa kyautar dala 100,000 gaba ɗaya. Ashe a lokacin laftanan ne a rundunar sojan Amurka, yana aiki a makarantar horar da hafsoshi ta West Point. Ƙaninsa, wanda sojan ruwa ne, ya nemi a sake tura shi Biyetnam karo na biyu don kada a tura yayan. Ashe ya kai wasan ƙarshe ya haɗu da Tom Okker ɗan ƙasar Holan. Maza turmi biyar suke yi, wanda ya ci uku ya yi nasara, kuma kowane turmi ana cin sa ne da ƙananan wasanni shida in an ba da ratar biyu. A lokacin babu dokar raba gardama, sai turmin farko ya ja har 14 da 12. Ashe ya ci a turmi na biyar. Amma da yake yana riƙe da matsayin ɗan sha'awa domin ya ci gaba da buga wa ƙasarsa gasar kofin Davis, dala 14,000 ta zakara sai aka miƙa wa Okker da aka kayar. Shi kuwa ya tafi da alawus ɗinsa na dala 20 a rana. Har yau babu wani baƙar fata namiji da ya sake cin wannan gasa.

Ya ƙara da ta Ostireliya a 1970, sannan Wimbledon a 1975, inda ya doke Jimmy Connors da dabara, yana aika masa ƙwallo a hankali kuma ƙasa-ƙasa har ya rasa inda zai sa ƙarfinsa.

Afirka ba baƙuwarsa ba ce. A 1970 ya zagaya wasu ƙasashe har da Nijeriya da Gana tare da ɗan wasan tanis Stan Smith suna koyar da yara. A 1971 a Yawunde ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, ya yi wa hukumar tanis ta Faransa magana a kansa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faris a 1983. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta sha hana Ashe biza kafin ta bar shi ya shiga a 1973.

Zuwansa Legas a Fabrairun 1976 shi ne wanda ya fi shafar mu. An shirya gasar ƙwararru a kulob ɗin tanis na Legas da ke kusa da dandalin Tafawa Balewa, Ashe ne babban baƙo, yana riƙe da kofin Wimbledon. Ana tsakiyar gasa, ranar Juma'a 13 ga wata, sojojin Laftanan Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Janar Murtala Muhammad a hanyarsa ta zuwa ofis. Juyin mulkin bai yi nasara ba, amma an rufe iyakoki da filin jirgin sama, gari ya cika da jita-jitar cewa da hannun Amurka da Birtaniya. Aka dakatar da wasa, sannan aka ce a ci gaba. Ranar Litinin 16 ga wata Ashe na wasan kusa da na ƙarshe da ɗan ƙasarsu Jeff Borowiak, ya ci turmin farko, sun shiga na biyu, sai ga sojoji sun kutso cikin fili suna faɗa, wai ƙasa na makokin shugabanta wasu na nan suna wasa. Ɗaya ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a baya, ya fita daga fili hannu a sama, 'yan kallo suka watse a guje. Aka kwashe 'yan wasan aka fitar da su daga ƙasar. Ragowar gasar Legas a birnin Karakas na Benezuwela aka ƙarasa ta, inda Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe. Abin da sojan ya yi ba daidai ba ne, amma duk wanda ya san yadda mutuwar Murtala ta girgiza mutane zai yi mamakin waɗanda suka ga ya dace a koma fili kwanaki kaɗan bayanta.

Ciwon zuciya ya raba Ashe da wasa a 1979. A tiyata ta biyu da aka yi masa a 1983 aka ƙara masa jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, lokacin ba a fara tantance jini ba. Ya gano a 1988, ya ɓoye don kare iyalinsa, sai a Afrilun 1992 ya fito ya faɗa da bakinsa da ya ji wata jarida na shirin bugawa. 'Yan sanda sun taɓa kama shi a 1985 a zanga-zangar ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington, suka sake kama shi a 1992 a gaban fadar White House kan yadda ake wulaƙanta 'yan gudun hijirar Haiti. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1993 yana da shekara 49.

Daga tagar jirgin sama

Shekarun 1970 su ne suka ba gasar kamannin da take da su yau. A 1970 aka kawo dokar raba gardama idan turmi ya kai shida da shida. A 1972 Billie Jean King ta ci kofin mata aka ba ta dala 10,000, zakaran maza Ilie Nastase ya karɓi 25,000. Ta ce in ba a daidaita ba, baɗi ba za a gan ta ba. A 1973 aka daidaita, US Open ta zama ta farko cikin manyan huɗun da ta biya mace da namiji daidai. Wimbledon sai a 2007 ta bi sahu. A 1975 aka cire ciyawa aka zuba ƙasa, aka kuma kafa fitilu aka fara wasan dare.

Forest Hills dai ya yi wa gasar kaɗan, ga kulob na neman ƙarin kuɗi. Shugaban hukumar tanis ta Amurka na lokacin, Slew Hester, ɗan kasuwar man fetur daga Mississippi, yana cikin jirgi za su sauka a filin LaGuardia ya hango tsohon filin Louis Armstrong a yashe. Ya nemi birni ya ba su haya. Cikin ƙasa da shekara guda aka gyara wurin, a 1978 gasa ta tare a Flushing Meadows a kan daɓe mai tauri, irin wanda 'yan wasanmu suka sani a gasar Dala ta Kano. Jimmy Connors ne kaɗai ya ci kofin a kan ciyawa da ƙasa da daɓe, duka ukun.

Jirgin da ya nuna wa Hester wurin shi ya zame wa gasar alaƙaƙai. Filin LaGuardia na nan kusa, jirage na tashi ta saman 'yan wasa kowane 'yan mintoci. Ɗan tanis kuwa da kunne yake wasa kamar yadda yake yi da ido: ƙarar da ƙwallo ta yi a kan raket ɗin abokin karawa ita ke gaya masa ko dukan tsaye ne ko murzawa aka yi. David Dinkins, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin New York, kuma mai son tanis na gaske, shi ya shawo kan hukumar jiragen sama a 1990 ta riƙa karkatar da jirage a makonnin gasa. Kafin ya bar ofis a 1993 ya sa hannu a yarjejeniyar haya ta shekara 99, wadda ta ba hukumar tanis damar gina sabon fili da kuɗinta, birni kuma ya riƙa karɓar haya da wani kaso na ciniki. Wanda ya gaje shi, Rudy Giuliani, ya yi ta sukar yarjejeniyar har ya ƙaurace wa gasar.

A Agustan 1997 aka buɗe sabon filin, aikin da ya ci dala miliyan 254. A Amurka an saba sayar wa banki ko kamfanin waya sunan filin wasa. Filin ƙwallon gora da ke tsallaken tashar jirgin ma sunan banki yake ɗauke da shi. Hukumar ta bar wannan kuɗi ta sa sunan Ashe, kuma ta cancanci yabo a nan. Wasan ƙarshe na mata na farko da aka yi a ciki, Martina Hingis ce ta doke wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 17 da ta koyi wasa a filayen gwamnati na Compton, Venus Williams. Bayan shekara biyu ƙanwarta Serena ta ɗaga kofinta na farko a nan, kuma a nan ta yi sallama da wasa a 2022. Wani wasanta na 2004 da Jennifer Capriati, inda alƙalai suka yi ta yanke mata hukuncin da hoton talabijin ya ƙaryata, yana cikin abin da ya gaggauta kawo na'urar duba layi a 2006. Yanzu babu mutum ko ɗaya da ke tsayawa duba layi a gasar, na'ura ce ke kira.

Sai dai filin ya zo da aibinsa. Magina sun jera hawa biyu na ɗakunan alfarma, kusan casa'in, a tsakiyar ginin, daidai inda kallo ya fi daɗi. Wannan ya tura kujerun talakawa can sama. Wanda ya hau layin ƙarshe zai ga dogayen gine-ginen Manhattan sarai, amma ƙwallon da ya biya kuɗi don ya gani sai ya riƙa bin ta a majigin allo. Masu sanin takan gasar sukan sayi tikitin harabar kawai, su je ƙananan filaye inda za ka zauna taku kaɗan daga ɗan wasa, ka ji ƙarar takalminsa a daɓe, ka ga gumi na ɗiga daga gefen wandonsa, ka ga yadda yake karɓar ƙwallo uku ko huɗu daga hannun masu tsinta ya jujjuya su ya zaɓi wadda gashinta bai tashi ba, domin ita ta fi gudu.

Aibi na biyu shi ne rashin rufi. Shekara biyar a jere, daga 2008 zuwa 2012, ruwan sama ya tilasta ɗage wasan ƙarshe na maza zuwa Litinin. Da aka tashi yin rufin sai tsohon juji ya tuna wa kowa da kansa: ƙasar toka ce da laka, ginin ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba. Dole aka kafa wasu ginshiƙan ƙarfe takwas a kewayen filin, aka kafe su can cikin ƙasa, rufin ya tsaya a kansu shi kaɗai ba tare da ya jingina da ginin ba. An gama a 2016 kan dala miliyan 150, yana rufewa cikin ƙasa da minti bakwai. Ya magance ruwa, ya kawo nasa. Ƙarar 'yan kallo ta daina fita, idan ruwa na dukan rufin 'yan wasa ba sa jin ƙwallo, iska kuma ta rage shiga. A 2018 Roger Federer ya sha kaye hannun John Millman a wani dare mai tsananin zufa, ya ce numfashi ma da ƙyar yake yi. A 2023 Daniil Medvedev ya dubi kyamara ana tsakiyar wasa ya ce wata rana sai wani ya mutu a filin nan.

A 2020 unguwannin da ke kewaye da filin, Corona da Elmhurst, suna cikin inda annobar korona ta fi yi wa ɓarna a duk Amurka. Aka mai da ɗakin atisaye na cibiyar tanis ɗin asibitin wucin gadi mai gado 350, filin Armstrong kuma ya zama wurin haɗa abinci. Da aka yi gasar a wannan shekara babu ɗan kallo ko ɗaya. Naomi Osaka ta riƙa shigowa kowane wasa da takunkumi mai ɗauke da sunan wani baƙar fata da aka kashe a Amurka, takunkumi bakwai, wasa bakwai, ta ɗauki kofi.

Kuɗi

A 2024 mutanen da suka shiga harabar cikin mako uku sun haura miliyan ɗaya, karo na farko. Kuɗin shiga na gasar ya wuce dala miliyan 500 a shekara, daga tikiti da haƙƙin talabijin da kamfanonin talla da abinci. Wani haɗin barasa kaɗai da aka sayar dala 23 kofi ɗaya, an sha fiye da kofi rabin miliyan a gasar 2024. A 2025 kyautar 'yan wasa ta kai dala miliyan 90. Alcaraz da Aryna Sabalenka, da suka ci kofin, kowanne ya tafi da miliyan biyar, wanda aka cire a zagayen farko ma ya samu dala 110,000.

Hukumar na cewa ribar tana komawa ga raya tanis a faɗin ƙasar, kuma da gaskiyarta a wani fannin. Makon share fage kyauta ake shiga. Idan gasa ta ƙare, filayen na lambun gwamnati ne, kowa na iya biyan kuɗin awa ya buga. Akwai kuma labarin Frances Tiafoe, wanda iyayensa 'yan Saliyo ne. Mahaifinsa leburan gini ne a wata cibiyar tanis a Maryland, da aka gama aka ɗauke shi mai kula da wurin, yaron da ɗan'uwansa tagwai suka riƙa kwana a wani ɗaki a cibiyar. A 2022 ya doke Rafael Nadal ya kai wasan kusa da na ƙarshe, baƙar fatan Amurka namiji na farko da ya kai nan tun Ashe a 1972. A wannan shekarar Ons Jabeur ta Tunisiya ta buga wasan ƙarshe na mata. Amma Tiafoe ɗaya ne, kuma sa'arsa ita ce sa'ar Ashe: uba mai gadin fili. Yaron da ubansa ke tuƙa tasi a Corona, ko ganin wasan dare a filin da ke bayan gidansu sai dai a talabijin, domin kujerar ƙasa a manyan wasanni takan kai dubban daloli.

A Mayun 2025 hukumar ta sanar da gyaran da ya fi kowanne tsada a tarihin cibiyar, dala miliyan 800, wanda ake sa ran gamawa kafin gasar 2027. Miliyan 250 daga ciki na sabon ginin atisaye da hutawar 'yan wasa ne. A cikin filin Ashe kuwa, kujerun bakin fili, waɗanda suka fi kowanne tsada, za su ƙaru daga 3,000 zuwa 5,000, tare da sababbin ɗakunan alfarma da wuraren cin abinci na manya. Girman filin gaba ɗaya ba zai canza sosai ba, don haka daga kason masu arha za a yanko. Su ma 'yan wasan ba su yi shiru ba. A farkon 2025 manyansu maza da mata, har da Sinner da Alcaraz da Sabalenka da Coco Gauff, sun sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga shugabannin manyan gasanni huɗun suna neman a ƙara musu kaso, domin abin da ake raba musu a New York bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da gasar ke samu ba.